Hawan jinin ido

Hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilokoma, suna ne da ya tattara wasu cututtuka da ke lalata jijiyar gani, wato jijiyar da ke ɗaukar saƙo daga bayan ido zuwa ƙwaƙwalwa. Galibi lalacewar na tafiya ne tare da hauhawar matsin ruwan da ke cikin ƙwayar ido. Ganin da cutar ta ɗauke ba ya dawowa, ko da magani ko da tiyata. A duniya ita ce kan gaba wajen haddasa makantar da ba a iya gyarawa. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa masu cutar 'yan shekara 40 zuwa 80 za su kai miliyan 76 a 2020, su haura miliyan 111 a 2040.

Suna

Sunan Hausa na cutar yana ɗan ɓatar da mutane. An gina shi ne a kan kamancen da ke tsakaninta da hawan jini: duka biyu matsi ne da ke hawa a ɓoye, ana auna shi da na'ura, kuma ana jinyarsa har ƙarshen rayuwa. Amma abin da ke hawa a ido ba jini ba ne, wani ruwa ne garai-garai, kuma mutum na iya samun cutar alhali jininsa lafiya lau. Kalmar gilokoma kuwa daga Girkanci ta fito, daga wata kalma mai nufin launi tsakanin shuɗi da toka-toka, irin wanda tsoffin likitoci ke gani a idon wasu makafi. A wancan zamani ba a bambanta ta da yanar ido sosai ba, kuma har yau ruɗanin bai ƙare ba. Yana na rufe madubin da ke cikin ido, idan an cire ta gani ya dawo. Mai hawan jinin ido da ya ɗauka yana ce gare shi, ya zauna jiran ta "nuna" kafin ya je asibiti, jijiyarsa yake asara.

Yadda cutar ke aukuwa

Ido na samar da ruwa a koyaushe a bayan baƙin ido. Ruwan na zagayowa gaba, ya ciyar da sassan da jini ba ya kai wa, sannan ya tsiyaye ta wata matata mai kama da rariya da ke kusurwar da baƙin ido ya haɗu da tantanin gaban ido. Idan tsiyayewar ta ragu, matsi ya hau. Jijiyar gani na da zarurruka fiye da miliyan ɗaya, kuma waɗanda ke kula da ganin gefe su ke fara mutuwa.

A nau'in da ya fi yawa, kusurwar a buɗe take amma matatar ce ta toshe sannu a hankali. Babu ciwo, babu ja, kuma ido ɗaya na rufa wa ɗaya asiri, don haka a kan shafe shekaru ba a lura ba. Wannan nau'i ya fi kama mutanen da asalinsu Afirka ne, yana fara musu da wuri kuma ya fi saurin makantar da su. A nau'i na biyu kusurwar ce ke rufewa, wani lokaci farat ɗaya: ido ya yi ja, ya yi ciwo mai tsanani, gani ya dushe, a riƙa ganin bakan gizo kewaye da fitila, har da amai. Wannan larura ce ta gaggawa, domin ido na iya mutuwa cikin kwanaki. Akwai kuma wanda ake haihuwar jariri da shi, inda idon kan yi girma fiye da kima, ya riƙa hawaye da gudun haske.

Wani kason kuma wata matsala ce ke jawo shi: bugu a ido, kumburin cikin ido, ciwon suga da ya yi nisa, ko aikin masu maganin gargajiya da ke tura yana cikin ido da tsinke. Abin da ya fi saurin wucewa ba a lura ba shi ne magungunan ɗigawa masu sinadarin siteroyid, irin su dexamethasone da betamethasone, waɗanda ake saye a kemis don ƙaiƙayin ido. Suna kwantar da ƙaiƙayin nan take, shi ya sa ake ta komawa gare su, amma a wasu mutane suna ɗaga matsin ido cikin 'yan makonni, musamman yara.

Gano cutar

Gwaji ɗaya ba ya isa. Ana auna matsin ido, wanda a mafi yawan masu lafiya yake tsakanin 10 da 21 a ma'aunin mmHg. Na'urar da aka fi dogara da ita ita ce ta Goldmann, wadda aka ƙirƙiro a shekarun 1950. Ana ɗiga maganin kashe zafi sannan ta ɗan taɓa gaban ido. Sai dai adadin kaɗai ba hukunci ba ne. Wasu na da matsi sama da 21 ba tare da jijiyarsu ta taɓu ba, wasu kuma jijiyar na lalacewa alhali matsinsu bai wuce iyaka ba.

Saboda haka likita kan leƙa bayan ido ya duba kan jijiyar, wanda ke da ɗan rami a tsakiya. Ramin na faɗaɗa yayin da zarurruka ke mutuwa. Ana kuma gwada faɗin gani, inda majinyaci ke kallon wuri guda yana danna maɓalli duk lokacin da ya hango ƙyallin haske a gefe. Da wani madubi na musamman da ake ɗorawa a kan ido ake gane ko kusurwar a buɗe take ko a rufe. Iya karanta ƙananan haruffan allon gwaji ba shaida ba ce ta tsira, tunda ganin tsakiya shi ne na ƙarshen tafiya. An fi ƙarfafa gwajin ga wanda ya haura shekara 40, da wanda iyayensa ko 'yan uwansa na ciki ɗaya ke da cutar.

Magani

Duk magungunan manufarsu ɗaya ce: rage matsin ido don a tsare ganin da ya saura. Majinyaci ba ya jin wani sauƙi idan ya sa, kuma wannan na cikin manyan dalilan da ke sa a watsar da su.

Latanoprost, wanda ya shigo a 1996, da 'yan uwansa travoprost da bimatoprost, suna ƙara fitar ruwan. Ɗigo ɗaya da dare ya isa, kuma su ne aka fi farawa da su inda aljihu ya yarda. Suna iya sa ido ja, gashin ido ya yi tsawo. Yawancin nau'o'in latanoprost na buƙatar firji kafin a buɗe kwalbar, abin da ba ƙaramin lamari ba ne a inda zafi ya yi yawa wuta kuma ba ta tsayawa.

Timolol, wanda ake amfani da shi tun 1978, yana rage yawan ruwan da ido ke samarwa. Ana sa shi sau biyu a rana, kuma ya fi araha. Duk da cewa ɗigo ne, yana shiga jini ta hanyar hawaye da ke sauka hanci, don haka yana iya tayar da asma ko ya rage bugun zuciya. Ba a ba masu waɗannan larurori. Dorzolamide da brimonidine a kan ƙara su idan magani ɗaya ya gaza, sai dai ba a sa wa jarirai brimonidine. Pilocarpine tsohon magani ne tun ƙarni na 19, yanzu an fi amfani da shi idan kusurwa ta rufe. Ƙwayar acetazolamide na sauke matsi da sauri amma ta ɗan lokaci ce: tana sa yawan fitsari da jin tsiya-tsiya a yatsu, tana iya jawo tsakuwar ƙoda, kuma ana kauce mata ga masu cutar sikila.

Yadda ake ɗigawa na da tasiri. Ɗigo ɗaya ake buƙata, na biyu zubewa yake yi. Bayan an sa, a rufe ido a danne kusurwarsa ta wajen hanci na minti ɗaya zuwa biyu. Idan magani biyu ne, a bar aƙalla minti 5 tsakaninsu. A watan azumi wasu kan daina gaba ɗaya, alhali mai sau biyu ana iya sa shi da sahur da kuma bayan shan ruwa.

Idan ɗigo bai wadatar ba, ana amfani da hasken leza a kan matatar, ko a yi tiyata a buɗe wa ruwan sabuwar hanya a ƙarƙashin fatar ido ta sama. Wani gwaji da aka yi a Moshi ta ƙasar Tanzaniya, aka wallafa a 2021, ya gano cewa bayan shekara guda leza ta riƙe matsi a kashi 61 cikin ɗari na idanun da aka yi wa, timolol kuma a kashi 31.

A Najeriya

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne. Yanar ido ce ta farko da kashi 43 na makantar, hawan jinin ido na biye da kusan kashi 17. Kimanin mutum 5 cikin 100 na wannan rukuni na da cutar, ɗaya cikin biyar ɗinsu ya riga ya makance, kuma waɗanda suka san suna da ita ba su kai kashi 6 cikin ɗari ba. Daga cikin wuraren da ake gwaji da jinya a arewacin ƙasar akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa. A watan Maris na kowace shekara ake gudanar da makon cutar na duniya, inda asibitoci da dama ke auna matsin ido kyauta.