Mutumin ƙarshen layi: yadda aka koyi auna lalacewar hoton talbijin ta waya

Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san abin nan: a kwafi fim daga kaset, a sake kwafa daga kwafin, kafin a kai na biyar fuskar jarumi ta koma kamar an wanke ta da omo. To, irin wannan ciwon kai ne ya addabi masu rarraba talbijin ta waya a Amurka shekara da shekaru.

Harkar ta faro ne wajen 1948 a garuruwan da duwatsu ko nisa suka hana su kama tashoshin birni. Cikin waɗanda ake dangantawa da farawar akwai John Walson a jihar Pennsylvania da Ed Parsons a jihar Oregon. Dabarar ba wuya: a kafa babbar eriya a wuri mai tsayi, a jawo waya zuwa gidaje, kowa ya biya. Sai dai sigina na raunana a cikin waya, dole a riƙa dasa na'urar ƙara ƙarfi, wato amfilifaya, a kan hanya. Da gari ya yi faɗi sai ka tarar da talatin ko fiye a jere, kowace tana ƙara nata dattin. Na kusa da eriya yana kallo garau, na ƙarshen layi yana kallon hazo, alhali kuɗinsu ɗaya.

Da farko ido ne ma'auni: ma'aikaci ya kinkimi akwatin talbijin ya duba. A farkon shekarun 1950 kamfanin Jerrold na Milton Shapp, wanda daga baya ya zama gwamnan Pennsylvania, ya fito da mita mai lamba 704, aikin injiniya Ken Simons. Ita ta ba ma'aikata damar faɗin ƙarfin sigina da lamba. Amma fa ƙarfi daban, kyau daban. In ka rage sigina, hoto ya cika da ɗigo-ɗigo kamar yayyafi. In ka ƙara, amfilifaya ta ƙware, inuwar wata tasha ta riƙa gilmawa a kan wadda kake kallo. Lissafi ya nuna duk sanda aka ninka yawan amfilifaya, tazarar sigina da ɗigon nan na raguwa da desibel 3, ta shigar tasha cikin tasha kuwa da desibel 6. Ƙofar na ta tsukewa ta sama da ta ƙasa har ta rufe.

A ganina, abin da ya fi ban sha'awa shi ne yadda wannan datti ya ƙayyade yawan tashoshi. An daɗe a kan 12, daga ta 2 zuwa ta 13. Tsakanin ta 6 da ta 7 akwai fili, daga megahaz 88 zuwa 174, kuma a nan ne yawancin dattin da ƙananan tashoshi ke haifarwa yake zuba. Juji ne, babu mai gina gida a kai. Sai da aka samu amfilifaya mai ɓangare biyu da ke soke dattin juna sannan aka shiga filin.

Ana shiga kuwa sai ga wata. A shekarun 1970, musamman bayan HBO ta hau tauraron ɗan'adam a 1975 da damben Muhammad Ali da Joe Frazier, tashoshi suka haura 30. Kowaɗanne uku suka gauraya sai su haifi ƙaramin datti, su taru su yi tsibi. Yadda ake auna shi abin dariya ne don sauƙi: a kashe tasha ɗaya, a leƙa gurbinta da na'urar tantance sigina. Duk abin da aka gani a wurin, datti ne. Tun 1972 hukumar FCC ta kafa ƙa'idoji tare da tilasta wa kamfanoni yin gwaji, don haka mai ƙorafi ya samu lambar da zai kafa hujja da ita.

Daga ƙarshen shekarun 1980 wayar gilashi mai ɗaukar haske ta fara kai sigina har cikin unguwa, jerin amfilifaya ya dawo 'yan kaɗan. Da aka koma dijital kuma ido ya daina amfani kwata-kwata, domin hoto na nan tas har zuwa lokacin da zai farfashe ko ya daskare. Ma'aikacin yau yana duba yawan kurakuran da ke cikin bayanan ne, ya ga saura nawa layin ya faɗi.