Tafsirin Jalalaini a Zangon Lome da Aƙidar da Ke Cikinsa

A shekarar 1977 gwamnatin Togo ta rushe tsohon Zangon Lome da ke tsakiyar birni, aka kwashe mutanensa zuwa wajejen Agoe, kimanin kilomita 15 arewa da gari. Bafaranshen nan Michel Agier, wanda ya wallafa nazarinsa kan fataken unguwar a 1983, ya nuna cewa ƙashin bayan zango shi ne amana tsakanin maigida da baƙonsa, da tsakanin dillali da mai shanu. Karatu ma kan wannan turba ya zo. Fataken goro da suka watse bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 sun bazu zuwa Kete-Krachi da garuruwan bakin teku tare da malamansu, littattafai a cikin gafaka. A fannin tafsiri, wanda ya fi kowanne bin wannan hanya shi ne Jalalaini.

Malamai biyu na Alƙahira suka rubuta shi. Jalaluddin al-Mahalli ya fara daga Suratul Kahfi har ƙarshen Alƙur'ani, ya dawo ya yi Fatiha, sai ajali ya riske shi a 1459. Almajirinsa Jalaluddin as-Suyuɗi ya cike daga Baƙara zuwa Isra'i cikin kwana 40 a shekarar 870 ta Hijira, bai ma cika shekara 22 ba. Shi ya sa a kwafi da dama ake samun Fatiha a ƙarshe, manne da rabin Mahalli. Suyuɗi kuma ba baƙo ba ne a wajenmu: ya aika wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha, Askiya Muhammadu na Songhai kuma ya gana da shi a tafiyarsa ta aikin hajji. A makarantun Wangarawa na yankin Volta, kamar yadda Ivor Wilks ya bayyana, sai ɗalibi ya sauke Jalalaini da Ashafa da Muwaɗɗa kafin a naɗa masa rawani.

Abin da ya ba littafin karɓuwa shi ne gajartarsa. Bayaninsa saƙe yake cikin ayar, kalma biyu nan, uku can. Wannan ya dace da zaman tafsirin azumi irin na zango: alaramma ya ja baƙi, malam ya duba littafi ya fassara gaɓa-gaɓa da Hausa, a gabansa kuwa ga Bahaushe, ga Bazabarme, ga Kotokoli ɗan Sokode, kowa Hausa ce ta haɗa shi da ɗan'uwansa a garin da kasuwa ke ci da harshen Mina, ofis kuma da Faransanci.

Sai dai gajartar nan tana sa a ɗauka littafin bai da ɓangare, alhali yana da shi. Marubutansa Shafi'awa ne a fiƙihu, Ash'arawa a aƙida, kuma hakan ya fi fitowa a ayoyin siffofi. Inda Suratul Fajri ta ambaci zuwan Ubangiji ranar alƙiyama, Mahalli ya mai da shi zuwan umurninSa. A farkon Tabaraka, kasancewar mulki a hannunSa ya zama kasancewarsa ƙarƙashin sarrafawarSa. Amma a ayar daidaita bisa Al'arshi littafin bai yi tawili ba, ya tsaya kan cewa daidaita ce wadda ta dace da Shi. Wato hanyoyi biyun da Ash'arawa suka yarda da su, tawili da tafwili, duka suna nan, ba tare da an yi wa mai karatu sallama ba. Mai sauraro da ke zaune kan tabarma a bayan sahu ba ya ganin bakan da ya raba aya da sharhi a takarda. Duka biyun a numfashi ɗaya suke iso masa daga bakin malam. A ganina ta nan ne aƙidar Ash'ariyya ta ratsa jama'ar da ba su taɓa buɗe littafin tauhidi ba.

Su kansu Jalalan biyu ba su zama baki ɗaya ba. Mahalli ya yi wa ruhi ta'arifi a Suratu Sad. Suyuɗi ya fara binsa, daga baya ya goge, saboda ayar Isra'i ta bar sanin ruhi ga Allah. Ladabin almajiri bai hana shi ba.

Akwai kuma inda littafin ya bar baya da ƙura. Ya kawo ƙissar garaniƙ a Suratul Hajji, da labarin Annabi Dawuda da matar wani a Suratu Sad, ba tare da ya warware yadda za su zauna da ismar annabawa ba. Nan ne malamanmu kan jingina da hashiya, musamman ta Ahmad as-Sawi, Bamalike ɗan ɗariƙar Halwatiyya da ya rasu a 1825, ko ta Sulaiman al-Jamal. Sawi ya yi wa Wahabiyawa kakkausan suka a Suratu Faɗir, har wasu maɗaba'u suka cire wurin daga bugunsu. Saboda haka bugun da ke hannun malami kan nuna inda ya dosa tun bai buɗe baki ba.

Masu adawa da tawili ma ba su jefar da Jalalaini ba. Shaikh Abubakar Gumi ya gina Raddul Azhan na 1979 bisa tsarinsa, yana gyara abin da bai gamsu da shi ba, kuma wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya bi hanyar fatake har zangunan Ghana da Togo. Tun kafin wannan, Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi nasa gyaran ta wata fuska. Bayan ya kammala tafsirinsa Liya'ut Tawili, ya rubuta taƙaitaccen Kifayatu Lu'afa'is Sudan bisa ruwayar Warshu, domin da ita ɗaliban ƙasar Hausa ke karatun allo, kuma wanda ya haddace da Warshu yakan ci karo da wuraren da bayanin Jalalaini ya tafi kan wata ƙira'a daban da wadda ke bakinsa.