Hanyar Hajji daga Ƙasar Katagum zuwa Jidda

Tazarar da ke tsakanin Kano, inda alhazan ƙasar Katagum suka daɗe suna hawa jirgi, da birnin Jidda na ƙasar Hijaz, ta kai kimanin kilomita 3,400 idan aka miƙe ta sararin samaniya, kuma jirgin zamani yakan cinye ta cikin sa'o'i huɗu da rabi zuwa biyar.

A zamanin da Malam Zaki ya kafa Katagum, a farkon ƙarni na 19, da shekaru ake lissafin wannan tafiya. Mai niyya yakan biya basussukansa, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar dangi, sa'an nan ya bi ayari ta Borno, ya ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan, a ƙasa ko bisa jaki, yana tsayawa noma ko ƙwadago duk inda guzuri ya ƙare, har Allah Ya kai shi Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda zai shiga jirgin ruwa. Da yawa ba su komo ba. Waɗansu sun riga mu gidan gaskiya a hanya, waɗansu kuwa sun zauna a Sudan, musamman bayan da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, zuriyarsu tana can har yau.

A shekarar nan ta 1925 ne, bayan an mayar da fadar Katagum Azare, jiragen sama na sojan Ingila suka fara sauka a Kano daga Alƙahira, kuma a 1936 aka buɗe zirga-zirga tsakanin Kano da Khartum. Amma talaka bai amfana ba sai da Alhaji Mahmud Dantata da abokansa suka kafa kamfanin jigilar alhazai a 1948, kana gwamnatin Jihar Arewa ta kafa hukumar alhazai a 1965. Daga nan mutumin Azare yakan shiga mota ta Jama'are da Wudil, ya kwana a sansanin alhazai, kashegari ya yi sallar Magariba a Jidda. Yanzu maniyyatan Jihar Bauchi suna tashi daga filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi.

Wannan rahama ce babba, sai dai istiɗa'ar da malaman fiƙihu suka sharɗanta, wadda a da ake aunawa da ƙarfin jiki da amincin hanya, ta koma kuɗin kujera, wanda ya fi ƙarfin manomi da yawa. Amincin hanyar ma bai daina tasiri ba, domin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 aka rufe sararin samaniyarta, tilas jiragen alhazan Nijeriya suka yi zagaye, sa'o'in tafiya suka ƙaru, kuɗin jigila ma ya ƙaru.