Takardar 1961 Da Ma'adinin Da Ke Ƙarƙashin Arlit

Mai karatu, idan aka ambaci Agadas abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne raƙuma da rawunan Buzaye da gishirin Bilma. To, sama da kilomita 200 arewa da ita akwai garin Arlit, wanda ba don yuraniyom ba da babu shi.

A 1957 Faransawa masu binciken ƙasa suna neman tagulla a Azelik sai suka ci karo da wannan ma'adini. Masana sun ce asalinsa daga duwatsun Azbin ne. Ruwa ya yi shekaru aru-aru yana wanko shi, yana jibge shi cikin dutsen yashi da ke yamma da su. Faransa kuwa a lokacin bam take haɗawa, har ta gwada na farko a hamadar Aljeriya a 1960, shekarar da Nijar ta sami 'yancin kai.

Ga inda gizo ke saƙar. Ranar 24 ga Afrilu 1961 aka sa hannu a Faris kan yarjejeniyar tsaro tsakanin Faransa da Nijar da Dahome da Kodebuwa. A fuska maganar sojoji ce da sansanoninsu. Amma a ƙarshen takardar an liƙa wani ƙari da ya lissafa man fetur da iskar gas da yuraniyom da wasu ma'adinai uku. Ya ce bayan buƙatar cikin gida, Faransa za a fara sayar wa, kuma idan tsaro ya buƙata sai a taƙaita ko a hana kai wa wasu ƙasashe. Ku lura fa, a lokacin ko cokali ɗaya ba a haƙo na sayarwa ba. Sai a 1968 aka kafa kamfanin Somair, ya fara fitarwa a 1971. Cominak ya biyo baya a Akouta, ramin ƙarƙashin ƙasa mai zurfin mita 250, a 1978. Wato an raba naman tun kafin a kama saniyar.

Da farashin mai ya tashi a 1973, Shugaba Diori Hamani ya ce shi ma a ƙara wa nasa ma'adinin kuɗi. Ana cikin ciniki Shugaba Pompidou ya mutu, ranar 15 ga Afrilu 1974 kuma Seyni Kountché ya kifar da Diori. Gaskiya ne fari da yunwa da zargin karkatar da hatsin agaji sun riga sun cinye gwamnatinsa. Amma a ganina abin dubawa shi ne sojojin Faransa suna nan a Yamai, ga takarda a hannu, ba su motsa ba, alhali a 1964 sun mayar da Léon Mba kan kujerarsa a Gabon. Kountché bai jima ba ya sallame su.

Sun dawo daga baya da sunan yaƙi da ta'addanci, Amurka ma ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas. Bayan juyin mulkin Yuli 2023, sojan Faransa na ƙarshe ya fita a Disamba, na Amurka a 2024. An rufe Cominak tun Maris 2021, ya bar tulin dattin ma'adinai a gefen gari. A Yuni 2025 gwamnatin Janar Tiani ta mayar da Somair mallakin ƙasa.