Man Kaɗanya da Basilin: Tarihin Maganin Kaushin Hannu

Jama'a, in hunturu ya kama, iska ta bushe, sai ka ga hannu ya yi kaushi, gaɓoɓin yatsu suna tsagewa har da jini. Mata masu wanki da sabulun salo, da marina, da magina, su ne suka fi shan wannan wahala. To, ka sani maganinta ya daɗe a ƙasashen nan.

A Kirikongo, cikin ƙasar Burkina Faso, masu binciken kufai sun tono ɓawon ƙwarar kaɗanya a tsofaffin gidaje, suka gane tun wajen shekara ta 100 ta Miladiyya mutanen wurin ke sarrafa ta. A 1352 matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya ratsa ƙasar Mali, ya ba da labarin wani mai da ake fitarwa daga ƙwallon itace, ana girki da shi, ana zuba shi a fitila, ana shafawa a jiki, har ana cuɗa shi da ƙasa a yaɓe ɗaki. Masana sun ce man kaɗanya yake nufi. Sa'an nan a 1796 Mungo Park, wani likita ɗan Sikotilan, ya ga itacen kusa da Segu. Abin da ya burge shi shi ne man yana shekara bai lalace ba, ko da ba a sa masa gishiri ba.

Aikinsa kuwa na mata ne tun fil azal. A tsinto ƙwara da farkon damina, a dafa, a shanya, a fasa, a daka, a soya, a niƙa, a yi ta bugawa da ruwa har mai ya taso, kana a tafasa a tace. Itacen kansa yakan yi shekara 15 ko fiye kafin ya fara 'ya'ya, don haka mai sare shi domin gawayi ya yi ɓarna babba.

Basilin baƙo ne na jiya jiya. A 1859 wani saurayi, Robert Chesebrough, ya je rijiyoyin man fetur na Titusville a Amurka. Ya tarar lebura suna kankaro wani danƙo daga ƙarafan haƙa suna shafawa a ƙuna da yanka. Ya yi shekaru yana tace shi, a 1872 ya sami takardar mallakarsa da sunan Vaseline.

Kada ka ɗauka na kwalba yana da wani asiri da na ƙwarya ba shi da shi. Aikinsu ɗaya ne. Mai ba ya sa wa fata ruwa, rufe ta yake yi don ruwan da ke cikinta kada ya fice. Saboda haka in za ka shafa, fara jiƙa hannu cikin ruwan ɗumi, ka tsane shi sama-sama, ka shafa tun da sauran danshi. Da dare ya fi, in an gama aiki. In kana son ya daɗe a hannu, narkar da cokali ɗaya na kakin zuma cikin cokali huɗu na man kaɗanya, ka zuba a gwangwani mai tsabta da murfi.

Amma toka da kanwa cin fata suke yi, baƙin man mota kuma guba ne gare ta. Ƙasa da kashin shanu sun fi su haɗari, domin a cikinsu ƙwayar cutar nan take wadda ke sarƙe haƙora ta sandare jiki, kuma tana kisa.

In tsagar ta kumbura, ko ta fara ruwa, zo ɗakin shan magani. In kuwa hannunka yana tsagewa ko yana ƙonewa ba ka jin zafi, ko ka ga wani tabo mai haske a jiki wanda ba ya jin taɓi, kada ka tsaya shafa mai, nuna wa malamin asibiti a duba ko kuturta ce. Tana warkewa sarai, tun 1995 ake ba da maganinta kyauta, kuma wanda ya zo da wuri ba ya rasa yatsa.