Yadda Ƙasar Jos Ta Hau Tudu

Duk direban da ya taho Jos daga Akwanga ya san Hawan Kibo: mota na nishi, ana ta sauya giya, kafin a kai Riyom har an fara neman rigar sanyi. Wannan hawa gefen wani makeken tudu ne da ya kai wajen mita 1,280 sama da teku, duwatsun Shere da ke gabashin Jos kuwa sun haura mita 1,800.

Yaya ƙasa ke ɗagowa haka? Ɓawon ƙasa ba dunƙule ɗaya ba ne. Idan ya ja ta gefe biyu yakan tsage, wani yanki ya nutse ya zama kwari, na kusa da shi ya tsaya cak ko ya ƙara ɗagowa. Haka duwatsun Ruwenzori da ke tsakanin Uganda da Kwango suka miƙe har suka wuce mita 5,000.

Labarin Jos ya fi wannan sarƙaƙiya, shi ya sa ya fi daɗin bi. Fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce, narkakken dutse ya kutsa cikin tsoffin duwatsun yankin ya daskare a ƙarƙashin ƙasa, ɗauke da kuza a cikinsa. Da Afirka ta fara rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage ta kudu, kwarin Binuwai ya nutse. Can daga baya zafin cikin ƙasa ya ɗaga yankin, wuta ta ɓarke daga duwatsun Panyam da Kerang. Jar ƙasar da aman wutar ya bari ce manoman Mangu ke shuka dankalin Turawa a kai yau.

Sauran aikin na ruwan sama ne: ya cinye dutse mai laushi ya bar mai tauri, ya kuma wanke kuza zuwa rafuka. Nan mutanen garin Liruwe suka riƙa tsamo ta suna narkawa tun kafin zuwan Turawa. Su Turawan ba sanyin Jos ne ya fara jawo su ba, kuzar ce. A 1914 har jirgin ƙasa ya iso daga Zariya don kwasarta. Kududdufan da ke kewayen Bukuru da Barkin Ladi ramukan haƙarsu ne da ruwa ya cike.

Tudun ne kuma ke raba ruwa: Kogin Kaduna ya nufi Neja, Gongola ta gangara Binuwai, Delimi da ke ratsa Jos ta yi arewa maso gabas, wajen Tafkin Chadi.