Rana Ɗaya a Shekara: Yadda Sola Ta Isa Antatika

A tsakiyar ƙuryar kudancin duniya, inda Amurka ta kafa tashar bincike ta Amundsen-Scott, rana tana fitowa sau ɗaya ne a shekara, cikin watan Satumba, ta kuma faɗi sau ɗaya, cikin watan Maris. Wata shida haske, wata shida duhu. Wanda ya ji haka zai ɗauka ba wurin da ya kai nahiyar Antatika rashin dacewa da lantarkin hasken rana. Masu tsara tashoshin bincike ma haka suka ɗauka shekaru da dama, kuma sun biya kuɗi mai yawa a kan wannan zato.

Yawancin tsofaffin tashoshin nahiyar an kafa su ne a lokacin babban haɗin gwiwar masanan duniya na 1957 zuwa 1958. Farantin sola jariri ne a wancan zamani. A 1954 ne kamfanin Bell na Amurka ya fito da na farko mai amfani, kuma tsadarsa ta sa sai taurarin ɗan'adam ke iya ɗaukarsa, irin su Vanguard 1 da aka harba a 1958. Don haka janareto mai shan dizal shi ne ya zama zuciyar kowace tasha. Shi ke ba da haske da ɗumi, shi ke narkar da ƙanƙara ta zama ruwan sha. In ya mutu a tsakiyar hunturu, rayukan mutane ne ke kan siraɗi.

Wahalar ita ce kai man. Jirgin ruwa ba ya iya ratsa ƙanƙarar teku sai cikin 'yan makonnin bazara. Daga gaɓa kuma sai an ɗauki man a jirgin sama mai sauka kan dusar ƙanƙara, ko a ja shi da taraktoci. Tsakanin tashar McMurdo da ke bakin teku da Amundsen-Scott, hanyar taraktoci ta kai kusan kilomita 1,600, tafiyar makonni. Mai ake ƙonawa don a kai mai.

Amurka ta fara neman mafita ta hanyar nukiliya. A 1962 ta kunna ƙaramin injin nukiliya a McMurdo, amma bai taɓa zama lafiya ba. Daga wannan gyara sai wancan, har aka rufe shi a 1972. Da yake yarjejeniyar Antatika ta 1959 ta haramta zubar da sharar nukiliya a nahiyar, dole aka kwance injin, aka kwashe dubban tan na gurɓatacciyar ƙasa a jiragen ruwa zuwa Amurka. Dizal ma ya nuna tasa illar. A watan Janairun 1989 jirgin Ajantina mai suna Bahia Paraiso ya yi karo da dutse kusa da tashar Palmer, man da ya kai kimanin lita 600,000 ya malale a teku, inda tsuntsayen ruwa ke kiwo. Bayan shekara biyu, a 1991, ƙasashe suka rattaba hannu a birnin Madrid kan ƙa'idojin kare muhallin nahiyar, waɗanda suka fara aiki a 1998.

Sola dai ta shiga ta ƙaramar ƙofa. Na'urorin auna yanayi masu aiki ba tare da mutum ba, irin waɗanda Jami'ar Wisconsin ke kula da su tun 1980, ba su buƙatar wuta mai yawa, kuma ba wanda zai riƙa kai musu mai. Ƙaramin faranti da batura masu cika da bazara sun ishe su. Sannu a hankali aka gane cewa wurin yana da abin da ƙasashe masu zafi ba su da shi. Farantin sola haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi, abin da duk mai sola a kan kwanon gidansa zai iya lura da shi a tsakiyar bazara. Sanyin Antatika yana ƙara masa kuzari. Iskar wurin busasshiya ce, ba ƙura, farar dusar ƙanƙara kuma tana mayar da yawancin hasken da ya sauka a kanta, sai farantin ya sha daga sama ya sha daga ƙasa. Saboda rana ba ta hawa tsakiyar sama a can, ana yawan kafa farantan a tsaye, wanda kuma ke hana dusa taruwa a kansu.

Ƙasar da ta fara gina tasha sukutum a kan wannan fahimta ita ce Beljiyam, kuma ba baƙuwa ba ce a nahiyar. Jirginta Belgica, ƙarƙashin Adrien de Gerlache, shi ne ya fara kwana hunturu a tekun Antatika a 1898, da matashi Roald Amundsen a cikin ma'aikatansa. Ɗan de Gerlache, Gaston, shi ya jagoranci kafa tashar Sarki Baudouin a 1958. Beljiyam ta janye daga can a 1967, ta yi shekaru arba'in ba ta da tasha. Da ta dawo, bisa ƙoƙarin matafiyin ƙanƙara Alain Hubert da gidauniyarsa, sai ta zo da sabon tsari. Ranar 15 ga Fabrairu 2009 aka buɗe tashar Gimbiya Elisabeth a kan tudun dutsen Utsteinen, fiye da kilomita 200 daga gaɓa.

Tashar tana da ɗaruruwan farantai, wasu na lantarki, wasu na dumama ruwa da narkar da ƙanƙara, da manyan fankoki tara masu juya iska ta zama wuta. Sai dai a ganina ba nan hikimarta take ba. Maginan sun fara ne da rage buƙata. Bangon ginin hawa tara ne, yana riƙe ɗumi har ta kai zafin jikin mazauna da na na'urori da hasken da ke shigowa ta tagogi sun kusa isar ɗumama shi. Baturan, waɗanda sanyi ke kashe wa ƙarfi, an ajiye su a tsakiyar ginin inda ya fi ɗumi.

Sannan suka juya ƙa'idar da aka saba. A zamanin janareto, mutum ne ke nema, injin ya biya. A nan kwamfuta ce ke raba wutar da ake da ita bisa muhimmanci: abin da ya shafi tsaron rai a gaba, sai na'urorin ginin da aikin bincike, nishaɗi a can ƙarshe. Mai son jona wani abu sai ya danna maɓalli kusa da soket ya jira izini. In wuta ta yi ƙaranci, farfesa ma sai ya haƙura da cajin na'urar kiɗansa. Kalanda ma ta taimaka, domin tashar ta bazara ce, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da rana ke yin fiye da wata biyu ba ta faɗi ba. Lokacin da mutane suka fi yawa shi ne lokacin da haske ya fi yawa.

Ana yi mata kirari da tashar da ba ta fitar da hayaƙi, amma kirarin yana buƙatar gyara. Akwai janareto na ko-ta-kwana, kuma jiragen da ke kawo masu bincike da taraktocin da ke jan kaya daga gaɓa mai suke sha. Sai a ƙarshen 2021 motar ƙanƙara mai aiki da lantarki, ƙirar kamfanin Venturi, ta fara aiki a can.

Manyan tashoshi masu mutane duk shekara sun fi taka-tsantsan, kuma da hujjarsu. Ostireliya ta fara da iska: a 2003 ta kafa fankoki biyu a tashar Mawson, inda iska mai sanyi da nauyi ke gangarowa daga tudun ƙanƙara kusan kullum, ko da rana ko ba rana. Sai a 2019 ta manna farantai 105 a bangon arewa na wani ɗakin ajiya a tashar Casey, masu ba da kilowat 30. Arewa, domin a kudancin duniya ta nan rana ke bi. Wannan ɗan kaso ne kawai na abin da tashar ke sha.

Abin da ya rage shi ne hunturu. Batir yana iya ɗaukar wutar yini zuwa dare, amma ba a kai ga wanda zai ɗauki wutar Disamba ya ciyar da tasha guda a watan Yuni ba. A Amundsen-Scott, inda mutane kusan arba'in zuwa hamsin ke kwana duhun wata shida kowace shekara, har yanzu janareto ne ke ruri, da man da aka jawo masa tun daga McMurdo.